Ranar da Aka Shinshina Ni a Birnin Kudu

Yanzu mantuwa ta zama abokiyar zamana. Sai in tashi gida duka a nema min carbi, alhali yana rataye a wuyana. Sunayen jikokina kuwa sai na bi su ɗaya bayan ɗaya kafin in faɗo kan na wanda nake kira. Amma akwai abin da na san ko komai ya zube daga kaina shi zai rage, wato ranar da ɗana ya ɗauko malamar asibiti takanas, ta zo har ɗakina ta shinshina ni kamar naman da ake shakkar ya kwana. Ni ban yi boko ba, allon ma iyakar abin salla na samu, don haka malamar Islamiyyar unguwarmu ce take rubutawa ina faɗa. Na roƙe ta kada ta gyara min magana. In kuma ta ji na yi shiru ta jira ni, kuka ne, yana wucewa.

Ni mutuniyar wajen Maruta ce, a ƙasar Gwaram. Can aka haife ni, can aka kai ni ɗakin Malam, can muka tsufa tare. Shi manomi ne mai 'yan shanunsa, ni kuma sana'ata daddawa. Ba yabon kai ba, a ƙauyenmu in mace ta kaɗa miyar kuka ta yi daɗi, ba a tambayarta ta wa ta sa. Duk ranar da daddawata ta fara nuna a ɗaki wari ya cika gida, sai Malam ya tsaya a bakin zaure ya toshe hanci ya ce, "Yau kuma wane jakin ne ya mutu a gidan nan?" Ni kuma in ce, "Wanda za ka sha romonsa anjima ne." In aka kai masa tuwo ya suɗe kwano tas, ya leƙo ya ce ko akwai saura. Tun muna da baƙin gashi muke wannan magana, ba mu taɓa canja ko kalma ɗaya ba, ba mu kuma taɓa gajiya da ita ba.

Zazzaɓin 'yan kwanaki ne ya ɗauke shi bayan an gama girbi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ya tafi ya bar ni da buta biyu a tsakar gida, kuma har na fita takaba kullum da asuba biyun nake cikawa, sai na ajiye tasa sannan in tuna. Malama, dakata kaɗan.

To, na dawo. Ban daɗe da fita takaba ba na zame a gindin randa na faɗi. Dama gwiwoyi sun daɗe da yi min tawaye, ido ya fara hazo, ga hawan jini. Ina nan kwance kamar buhun gero har maƙwabciya ta shigo ɗiban wuta ta same ni. Washegari sai ga mota daga Birnin Kudu. Babban ɗana ne, ma'aikacin gwamnati, ya ce zamana ni kaɗai ya ƙare.

Sai na tsaya na yi bayani a nan, don 'yan yanzu sun watsar da abin. Shi ɗan fari ne. A tarbiyyar da aka yi mana, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a kallonsa ido cikin ido, ba a yi masa magana kai tsaye. Kakarsa ce ta raine shi. Yana yaro in ina so ya kawo min itace, sai in dubi bango in ce, "Gidan nan dai babu itace." Shi kuma ya tashi ya kawo. Haka muka rayu har ya yi furfura, ya je Makka ya dawo. Ina son sa kamar raina, amma ban taɓa ce masa "kai" ba. Don haka da ya ce a kwashe kayana, sai na dubi turmina na ce, "Wasu dai ba su ce suna son zuwa birni ba." Ya yi kamar bai ji ba, turmin ma bai tanka ba, aka sa ni a mota.

Tsakani da Allah, abin da yaron nan ya yi min ko uwar sarki sai haka. Ɗaki ne guda aka ware min, ƙasansa tayil mai santsi, in na taka sai in ga tsohuwa tana kallona daga ƙasa. Ga gado mai katifar da in ka kwanta sai ta haɗiye ka, ga fanka, ga talabijin. Har masai a cikin ɗakin, na zama, fari fat, ya fi kwanon cin abincina haske. Na daɗe ina jin nauyin abin kafin in saba. Matarsa kuwa, surukata, yarinya ce mai hankali, ban taɓa jin kalma marar daɗi daga bakinta ba. Kalma ɗaya ce dai ta kusa kashe ni da ita, ita ce "huta".

In na ɗauki tsintsiya, sai ta rugo. "Haba Inna, ki huta mana." In na ce a kawo shinkafa in tsince, ta ce ai wannan ba ta da tsakuwa, in huta. Na ce to a ba ni zogale in tsinke, ta ce an riga an gyara. Wata rana na wanke ɗan kofin da na sha koko, wallahi sai da yarinyar nan ta yi ƙwalla, wai Alhaji zai ce ta bar ni ina wahala. Na huta da safe, na huta da rana, da yamma in tashi daga hutu in koma wani hutun. Gidan kuma da ƙaton ƙyauren ƙarfe a rufe. A Maruta kafin hantsi an yi min sallama ba adadi, wannan tana neman kanwa, wannan aron rariya, wannan ta zo kawo gulma ta fake da gaisuwa. A nan kuwa sai wanda ya buga waya aka san da zuwansa. Abinci ga nama ga mai, amma miyar da ɗan dunƙulen kanti ake yin ta, duk ɗanɗanonta ɗaya, ta yau ita ce ta jiya.

Kullum da safe sai ɗana ya tsaya a bakin ƙofa ya rusuna. "Inna, an tashi lafiya? Akwai abin da ake buƙata?" Ni kuma in dubi labule in ce, "Alhamdu lillahi." To me zan ce? In ce katifar ta yi laushi da yawa? In ce ina kewar masu damuna? Mutumin da ya yi maka komai, da wane baki za ka ce masa komai ɗin ne yake cinye ka? Sai na fara ramewa. Abinci ya daina shiga, barci ya ƙaura, duk lokacin da aka kai ni awo a ce jinin ya ƙara hawa, a ƙaro magani. Abu ɗaya ne ya riƙe ni. Ya aiko matarsa ta gaya min cewa in jikina ya yi ƙwari, lokacin da ɗorawa ta nuna zai kai ni gida in yi 'yan makonni. Wannan alkawari na rungume, da shi nake kwana da shi nake tashi.

Ana nan sai wata rana da hantsi na ji ana dukan ƙyaure da sanda, ana faɗa da ƙarfi, "Jama'a, ina aka ajiye tsohuwar da aka sato mana?" Ko a mafarki na san muryar nan. Taubashiyata ce, 'yar kawuna, wadda muka yi shekaru muna dafa kalwa a murhu ɗaya muna zagin juna. Haƙoranta sun ƙare amma bakin yana nan da kaifinsa. Ta shigo tana jan ƙafa a kan tayil kamar mai tsallaka kogi, da wani ƙaton ƙunshi a naɗe cikin tsohon bargo. Surukata ta ɗauka tsaraba ce, ta kawo mata ruwa ta ja mana ƙofa.

Taubashiyar tawa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, Hajiyar birni! Kin yi fari kamar tsaka. Abinci ne ba sa ba ki, ko wankan ne ya yi yawa?"

Na ce, "Ke kuma har yanzu mutuwa ba ta gane gidanku ba? Ai na ba ta kwatance."

Ta ce, "Ta zo, na ce mata yayata tana Birnin Kudu, ta fara da babba."

Daga nan sai muka rungume juna muka yi ta kuka, don rabona da ita tun ranar da aka sa ni a mota. Da muka share hawaye sai ta jawo ƙunshin ta rage murya. Ta ce tun da na tafi daddawa ta ƙi ta. In ta rufa, ko ta bushe ko ta yi tsami. Matan gari sun ce ba kalwar ba ce, hannu ne, kuma hannun yana Birnin Kudu an ajiye shi a kan katifa. Shi ne ta wuni jiya tana dafa kalwa, ta surfa ta wanke ta rege ɓawon, ta sake dafawa yau da sassafe, ta juye a ƙwarya ta naɗe, ta riƙe ta a cinya a cikin motar haya don kada ta huce. Ta ce, "Rufin kawai za ki yi min, 'yar baƙin ciki, kin tafi da hannu kin bar mu da lami."

Ta buɗe bargon, tururi ya bugi fuskata. Malama, hannuwan nan nawa da kike gani, kofin shayi ma rawa suke da shi. Amma ranar da na wanke su na yi bisimilla na tsoma cikin kalwar nan mai ɗumi, ko motsi ba su yi ba. Na baje ta, na barbaɗa 'yar tokar da ta ƙullo, na jera ganye, na kife da faifai, na naɗe da tsumma. Sai da na gama sannan muka dubi juna, don mun tuna abu guda. Daddawa in an rufe ta ba a jijjiga ta, ba a bari iska ta buge ta, sai ta nuna. Hanyar Gwaram kuwa kowa ya san yadda mota take rawa a kanta.

Ta ce, "To yanzu fa?"

Na ɗaga zanin gado. Wurin a share, ga duhu, ga ɗumi, kamar don ita aka yi shi. Muka tura ƙwaryar can ƙurya, na ɗauko sabon bargon da ɗana ya sayo min mai laushi kamar jikin mage na ƙara lulluɓe ta. Taubashiyata ta ce za ta kwana uku wajen wata jikarta a Kangire, ta biyo ta ɗauka. Ba mu gaya wa kowa ba. Da wane ido zan dubi matar gida in ce na girka daddawa a ɗakin tayil?

Tun daga ranar na samu aikin yi. Na kashe fanka, na rufe taga, na ce ƙofa ma a dinga ja min. Zufa tana zuba ina jin daɗi. Lokaci lokaci in zura ƙafa ƙarƙashin gado in taɓa ƙwaryar in ji ɗuminta, kamar kaza a kan ƙwai. Da surukata ta shigo da tsintsiya na ce a bar sharar, ƙura tana sa ni tari. A ɗakin da ko ƙwayar ƙura babu! Ranar na cinye tuwona tas.

Washegari da yamma daddawar ta fara magana. Wanda ya san daddawa ya san yadda take farawa, a hankali, kamar baƙo mai kunya, kafin ta saki jiki ta mallake gida. Ina zaune na ji ta taso. Na lumshe ido, sai ga ni a tsakar gidanmu, ga inuwar zaure, har ina jiran in ji an ce wane jakin ne ya mutu. Ban ji ba. Na yi kuka mai isata, amma irin kukan da in ka gama kake jin ƙirjinka ya yi sauƙi. Rabona da barci irin na ranar tun Malam yana da rai.

Su kuwa mutanen gida ba barci suka samu ba. Da safe na ji surukata tana cewa ɓera ne ya mutu a silin. Aka kira wani ya hau da tocila, ya sauko da yanar gizo a ka, ya ce babu ko ƙadangare. Aka ce to ramin masai ne ya cika. Aka kira mai gyaran famfo, ya buɗe nan ya leƙa can, ya ce ramin lafiyarsa ƙalau, ya ma fi cikin gidan daɗin shaƙa. Ina jin su ta taga ina jan carbi. Ki ce me ya sa ban yi magana ba? Ai ba a tambaye ni ba. Kuma su ma da laifinsu. Yaron da aka yaye da miyar daddawa, a ce ya manta warinta don ya daɗe yana cin ta kanti?

Daga nan sai na ga abubuwa sun canja. Surukata ta shigo da sabulu mai ƙamshi har kala biyu, ta ajiye min ta fita. Jim kaɗan ta dawo da kwalbar turare. Can kuma sai ga ta da kasko, hayaƙin turaren wuta yana tashi, za ta zagaya ɗaki da shi. Na zabura na ce, "Fita da shi, 'yar nan, fita da shi!" Tsorona kada ya kama min daddawa ta fito tana ƙamshin amare. Ta fita da shi. Ta sake dawowa ta durƙusa, idonta a ƙasa, tana numfashi ta baki, ta ce, "Inna, ko in taya ki wanka yau? In cuɗa miki baya?" Na ce a raina, oh, yarinyar nan kullum ƙara hankali take. Na sa mata albarka na ce na gode, na iya. Ko kusa ban kawo a raina cewa ni ake zargi ba.

Sai bayan la'asar na gane. Ɗana da matarsa suna tsaye a bayan tagata, sun ɗauka na yi barci. Ta ce, "Alhaji, wallahi daga ɗakin Inna ne. Ta hana shara, ta hana a buɗe taga, ta ƙi in taɓa jikinta." Sai ya ce da wata murya da ban taɓa jin sa da ita ba, "Ciwo take ɓoyewa. Tun faɗuwar nan wataƙila wani wuri ya buɗe ya ruɓe. Kin san irinsu, sai su mutu ba su faɗa ba. Ni kuma ba ni da fuskar da zan tambaye ta." Ta ce ita ma ba za ta iya ba. Ya ce, "Gobe zan ɗauko malamar asibiti ta duba ta. In abin ya kai haka gado za a ba ta. Maganar zuwa ƙauye kuma a bar ta, ba za ta ƙara komawa ba."

Ga alkawarin ɗorawata zai tafi a banza. Abin da ya kamata in yi a fili yake, in kira yarinyar nan in ce leƙa ƙarƙashin gado. Har na buɗe baki. Sai na zura ƙafa na taɓa ƙwaryar, na shaƙi iskar ɗakin da kyau, na ji da sauranta, sai ta ƙara kwana. In na faɗa yanzu, fitar da ita za a yi a buɗe, wahalar taubashiyata ta tashi a banza, a koma Maruta a ce hannun ma ya mutu. Na auna asibiti na auna daddawa. Na ce asibiti dai yana nan inda yake ko jibi, ita kuwa in aka buɗe ta yau ta tafi ke nan. Na ja bakina na rufe. Tsufa ba ya hana wauta, Malama, rubuta wannan ma.

Washegari da hantsi sai ga su. Malamar asibitin, wadda ta saba yi min awo, wata doguwa ce mai fara'a, amma tana sa ƙafa a ɗakin fara'ar ta ɗan ja baya. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce maza su fita. Ɗana ya tsaya a bayan ƙofa, surukata ta tsaya a ciki da gefen mayafi a hanci. Aka fara. Ta duba tsakanin yatsun ƙafata ɗaya bayan ɗaya. Ta juya ni ta duba baya da ƙugu. Ta ce in ɗaga hannu, ta sunkuyo ta shinshina. Ta ce in buɗe baki, nan ma ta shinshina. Har cikin kunnena da gashin kaina sai da ta kai hanci. Ni da ko Malam bai taɓa yi min wannan binciken ba! Na ce, "'Yar nan, in kin gama ki gaya min ko na isa yanka."

Ta yi dariya har ta zauna a bakin gado. Ta ɗaura min abin awon jini a dantse, ta duba, ta sake ɗaurawa ta sake dubawa. Ta ce, "Inna, jikinki ya fi nawa tsabta, ko ƙurji babu. Jininki ma ban taɓa ganin ya sauka haka ba. Me aka canja miki?" Surukata ta ce babu komai. Sai na ga hancin malamar yana motsi. A hankali ta sunkuyar da kai tana bin abin, har ta kai ga zanin gado. Ta ɗago ta ce, "Alhaji, shigo. Ba a jikinta yake ba, a ƙarƙashinta yake."

Ya shigo da babbar rigarsa mai aiki, ya durƙusa a kan tayil, ya zura hannu ya jawo. Ga sabon bargonsa ya fito, ga tsumma, ga ƙwarya. Ya kai hannu zai fizge faifan haka kawai, da hannun hagu, ba bisimilla. Ban san lokacin da na ɗauki maficina na sauke masa a bayan hannu ba.

"Kai! Sakar min! Haka ka ga ana buɗe ta?"

Surukata ta saki mayafi. Shi kuwa ya tsaya da hannu a sama yana kallona, ni ma ina kallonsa, ido cikin ido. Tun da na haife shi ranar ce na fara ce masa "kai", kuma da duka na haɗa. Na ga ashe idanun ubansa ne da shi sak. Duk shekarun nan ban sani ba, don ban taɓa tsayawa na duba ba.

Na ce a kama ni in sauko. Na zauna a ƙasa na yi bisimilla na ɗaga faifan, na yaye ganyen. Ta yi baƙi, ta yi laushi, na ɗebo da yatsa tana yauƙi tana bin hannuna. Ban taɓa yin wadda ta fi ta ba. Warin kuwa da ya samu hanya sai ya tashi gaba ɗaya, malamar asibiti ta yi tsalle ta buɗe taga. Ɗana bai motsa ba. Ya zauna daɓas a kan tayil, ya shaƙa, ya sake shaƙa. Ya toshe hanci da yatsa biyu, hawaye yana bin gemunsa, ya ce, "Yau kuma wane jakin ne ya mutu a gidan nan?"

Ashe yana ji. Duk shekarun da yake yaro yana wucewa ta zaure kamar ba ruwansa, ashe yana ji. Na so in ba shi amsar, wallahi na so, amma muryata ta ƙi fita. Muka zauna ni da shi da ƙwaryar daddawa a tsakani muna kuka, surukata tana kuka tana dariya, malamar asibiti kuma daga bakin taga tana cewa in an kirɓa don Allah a ajiye mata nata, uwarta 'yar Sundimina ce, ta san abin kirki in ta gani.

Kafin ta tafi na ji tana ce masa, "Alhaji, maganin da muke ba ta a ci gaba da shi. Amma wannan ƙwaryar ta yi abin da namu bai yi ba. Ku daina hutar da ita haka, za ku hutar da ita har lahira." Da ya dawo ya rusuna a inda ya saba. Bai ce me ake buƙata ba. Ya ce, "Inna, me kike so ki dinga yi?" Kunyata ta riga ta dawo, don haka na dubi fanka na ce, "Wasu dai da za su samu murhu da 'yar rumfa a bayan gida, da turminsu na Maruta, da a bar ƙyauren nan a buɗe ko da rana ne, da sun gode." Fankar ba ta amsa ba, shi ya amsa. Ya ce an gama. Ɗorawa kuma in ta nuna, da kansa zai kai ni.

Taubashiyata ta iso bayan azahar, aka ba ta labari. Ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa. Ta ce, "Ai da sun tambaye ni, da na gaya musu tun tana budurwa haka take wari." Har yau in ta zo sai ta tsaya a bakin ƙofa ta shinshina iska ta ce ko a kira asibiti.

Shekaru sun shuɗe yanzu. Gwiwoyin sun ƙara lalacewa, idon saura kaɗan, turmi kuwa ko taɓaryar ba na iya ɗagawa. Surukata ce take dafawa take kirɓawa, ni ina zaune a rumfa ina yi mata faɗa, rufi ne kawai ba mai taɓa min. Matan unguwa suna shigowa, wannan ta ce a sam mata, wannan ta ce in ɗanɗana mata miya, wannan ta kawo gulma ta fake da gaisuwa. Sabon bargon nan bai ƙara komawa gado ba, ya zama na daddawa. Duk shekara kuma ana kai ni gida in zauna a inuwar zauren Malam in yi kukana in ƙoshi, a dawo da ni da buhun kalwa.

Abin da na koya shi ne wannan, kuma masu tsofaffi a gida nake so su ji. Ku ba mu abinci, ku ba mu magani, Allah ya yi muku albarka, muna so. Amma ba su kaɗai ne suke sa tsoho ya ji daɗin wayewar gari ba. Ku bar mana wani abu da in ba mu ba ba mai yin sa, ko da rufin ƙwarya ne. Ku bar ƙofa a buɗe ga wanda zai zo ya tsokane mu. In mun ce alhamdu lillahi muna kallon bango, ku sake tambaya ta wata hanyar. Mu ma tsofaffi mu rage jin kunyar nan da za ta sa a kwantar da mutum a asibiti da lafiyarsa. Ni dai na yi wata da watanni a kan katifa mai laushi ina mutuwa a hankali, abin da ya tashe ni kuwa wari ne. Har gobe in ta fara nuna, ɗana yakan tsaya a bakin rumfa ya toshe hanci ya yi tambayar ubansa. Yanzu ina iya amsawa. Ina duban murhu in ce, "A gaya wa mai tambaya, wanda zai sha romonsa anjima ne."